MASASSARAR DA BA TA JIRAN GOBE

Magungunan taɓin hankali da fararen ƙwayoyin jini

Idan damina ta yi nisa, hatsi ya fara fitar da kai, da wuya mutum ya shiga gida a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, bai tarar da mai kwance da masassara ba. Mun saba da ita, har ba mu tambayar daga ina ta fito. Jiki ya yi zafi, sai a ce sauro ne, a aiki yaro ya sayo ƙwaya, a lulluɓe majinyaci, a jira gobe. Sau da yawa kuwa sauron ne. Amma akwai mutanen da wannan jira yake iya hallakawa. Su ne masu shan maganin taɓin hankali, domin wasu daga cikin magungunan nan sukan rage fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke tsare jiki daga cuta. Idan haka ta faru, masassara ce ke fara kawo labari.

Wannan bayani domin su ne, da iyalansu masu jinyarsu, da ma'aikatan lafiya na birni da karkara. Abin da muke so mai karatu ya riƙe ɗaya ne: jinin mai shan irin wannan magani abin ƙirgawa ne, tun kafin ya fara sha, da kuma duk ranar da jikinsa ya yi zafi.

MAGUNGUNAN DA SUKA KWANCE MARI

Kafin shekarar 1950, mai taɓin hankali ba shi da wani magani na asibiti da za a dogara da shi. A Turai ana kulle shi a ɗaki, a wajenmu a sa masa mari ko a ɗaure shi a turu. A ƙarshen 1950, wani masanin haɗa magunguna na ƙasar Faransa, Paul Charpentier, ya haɗa kulorfuromazin. A 1952 likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada shi a asibitin Sainte-Anne na birnin Pari, suka ga masu hargowa sun natsu, masu jin muryoyin da babu su sun sami sauƙi. Shi ne maganin da aka sani da sunan Largactil. A 1958 kuma aka haɗa halofiridol a ƙasar Beljik, wanda ake kira Haldol. Waɗannan biyu an daɗe ana aiki da su a asibitocinmu, kuma iyalai da yawa sun ga amfaninsu da idonsu: ɗan da ya bar gida ya dawo, uwar da ta daina magana ta koma kan ƴaƴanta.

Babban ciwon da ake ba da su dominsa shi ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya. Mai shi yakan ji ana yi masa magana alhali babu kowa, ya riƙa zargin ana ƙulla masa sharri, tunaninsa ya warwatse, ya janye daga mutane. A 2022 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa wajen mutum 1 cikin 300 a duniya yana fama da shi. Cikin masu ciwon kuma, kusan 1 cikin 3 ba sa samun sauƙin kirki da magungunan da aka saba. Domin irin waɗannan ne ake ajiye wani magani na dabam, kulozafin, wanda a jikin kwali ake rubuta clozapine, ko Leponex. Shi ne ya fi kowanne aiki ga ciwon da ya gagara, shi ne kuma ya fi kowanne taɓa jini. Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu.

ABIN DA KE CIKIN ƊIGON JINI

Ido yana ganin jini ja wur, kamar abu guda. Madubin likita yana nuna cewa ruwa ne ɗauke da ƙwayoyi iri-iri. Jajaye su ne masu kai iska ga gaɓoɓi; idan suka ragu, shi ne muke cewa mutum ba shi da jini, a ga idonsa da tafin hannunsa sun yi fari. Fararen ƙwayoyi aikinsu dabam ne, su ne dakarun jiki. A cikin ɗigon jini mai girman kan allura, wato milimeta 1 ta kowane gefe, baligi mai lafiya yana da jajaye miliyan 4 zuwa 5, farare kuma daga 4000 zuwa 11000.

Fararen ma kashi-kashi ne. Mafi yawa, rabi ko fiye, su ne ake kira nitrofil. Su ne ke fara isa duk inda ƙwayar cuta ta shiga, su kewaye ta, su haɗiye ta, su mutu a wurin. Mugunyar da ke fita daga maruru, yawancinta gawarwakinsu ne. Ba su da tsawon rai. Ba sa wuce yini guda ko makamancin haka suna yawo cikin jini. Saboda haka ɓargon da ke cikin ƙashi ba ya hutawa, kullum sai ya ƙera sababbi wajen miliyar 100. In ɓargo ya tsaya da aiki, ko kuma wani abu ya riƙa kashe su da sauri, cikin ƴan kwanaki sai jini ya wayi gari babu mai tsaro.

Likitoci sun sa iyakoki. Idan nitrofil suka yi ƙasa da 1500 a wannan ɗigo, an ce sun ragu. Idan suka yi ƙasa da 500, an shiga babban haɗari, domin ƙwayoyin cutar da ke zaune lafiya a bakin mutum da hanjinsa da fatarsa sukan samu hanyar shiga jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A lura da abu guda. Wannan raguwa ba ta nunawa a ido. Mutum yana iya kasancewa da jan ido, da ƙiba, da ƙarfin noma, alhali fararen ƙwayoyinsa sun kusa ƙarewa. Babu mai iya sani sai an ɗebi jini an kai labo. Awon da likita ke rubutawa a takarda haruffa uku ne: NFS.

DARASIN ƘASAR FINLANDA

An haɗa kulozafin a ƙasar Suwis a 1958, aka fara sayar da shi a wasu ƙasashen Turai a farkon shekarun 1970. Likitoci suka yi murna da shi, domin ba ya sa rawar jiki da sanƙarewar gaɓoɓi irin na Haldol. A 1975 ya shiga Finlanda, can arewacin Turai. Cikin ƴan watanni majinyata 16 suka rasa nitrofil ɗinsu kusan gaba ɗaya, 8 daga cikinsu suka rasu saboda cututtukan da suka shige su. A lokacin ba a kafa dokar auna jinin masu shan maganin a kai a kai ba. Da labarin ya bazu, sai aka janye maganin daga ƙasashe da yawa.

Amma janyewar ta bar baya da ƙura. Majinyatan da suka samu kansu da shi suka koma gidan jiya, wasu magungunan kuwa ba su yi musu komi ba. Likitoci suka yi ta roƙon a dawo da shi. A 1988 wani likitan Amurka, John Kane, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da majinyata 268 waɗanda ciwonsu ya gagari sauran magunguna. Cikin sati 6, kashi 30 bisa 100 na masu shan kulozafin suka samu sauƙi a fili, alhali cikin masu shan kulorfuromazin kashi 4 ne kawai. A 1989 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi, da sharaɗi mai tsanani: wanda ba a auna jininsa ba, ba a ba shi ƙwaya. Daga baya aka tabbatar cewa yana rage yunƙurin kisan kai ga masu wannan ciwo. A 2013 OMS ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna, a sashen waɗanda ke bukatar ƙwararren likita da kayan awo.

Shekarun da aka yi ana awo sun koya wa likitoci abubuwa da dama. Wani babban nazari na 2018, wanda ya tattara binciken ƙasashe da yawa, ya nuna cewa cikin masu shan kulozafin, kusan 4 cikin 100 nitrofil ɗinsu kan ragu, kusan 1 cikin 100 kuma su faɗi ƙasa da 500. Waɗanda abin ya yi ajalinsu ba su wuce 1 cikin 7700 ba. Ke nan awo ya mai da abin da ke kisa ya zama abin da ake tarewa. An kuma gane cewa haɗarin ya fi yawa a sati 18 na farko, bayan shekara guda sai ya ragu ƙwarai. Tsofaffi sun fi matasa shiga cikinsa. Ba ya bin yawan ƙwayar da ake sha; mai shan kaɗan ma yana iya kamuwa, shi ya sa rage ƙwaya ba ya maye gurbin awo.

Bisa wannan sani aka tsara lokutan awo. A Faransa an daɗe ana auna jini kowane sati har sati 18, daga nan kowane wata. A 2025 hukumar magunguna ta Turai ta sassauta wa waɗanda suka shekara ba tare da matsala ba, suka koma awo kowane sati 12, bayan shekara 2 kuma sau ɗaya a shekara. A shekarar ta 2025 Amurka ma ta soke tilascin nuna takardar awo kafin a karɓi magani, ko da yake likitoci na ci gaba da aunawa. Awon watannin farko dai babu wanda ya soke shi.

Sauran magungunan fa? Largactil ma yana iya kawo wannan matsala, yawanci cikin wata 2 ko 3 na farko, sai dai ba kasafai ba. Sababbi irin su olanzafin da risferidon sukan rage fararen ƙwayoyi ga mutane ƙalilan. Ba a bukatar awon kowane sati dominsu, amma hukuncin masassara ɗaya ne ga duka.

JININ MUTANENMU DA MA'AUNIN TURAI

A nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu. Iyakar 1500 da muka ambata, an samo ta ne daga awon jinin Turawa. Jinin mutanen Afirka ta Yamma kuwa yana da tasa halitta.

A bayan jajayen ƙwayoyin jinin yawancin mutanen duniya akwai wata alama da ake kira Duffy, wadda aka gano a 1950. Wani nau'in ƙwayar cutar cizon sauro, mai suna bibaks, ta wannan alama yake shiga jajayen ƙwayoyi, kamar ƙofa. A yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma, fiye da mutum 9 cikin 10 ba su da ita. Tun a tsakiyar shekarun 1970 masana suka nuna cewa rashin wannan ƙofa yana kare mutum daga bibaks, shi ya sa wanda ya fi addabar mu wani nau'in ne dabam, falsifarom.

A shekarun 2008 da 2009 aka gano cewa wannan gado yana tafe da wani abu. Marasa alamar Duffy, nitrofil ɗin da ke yawo cikin jininsu ba su kai na sauran mutane yawa ba. Da dama suna ƙasa da 2000, wasu har ƙasa da 1500, tun haihuwa, kuma lafiyarsu ƙalau. Ɓargonsu na aiki daidai, ba su fi kowa kamuwa da cuta ba. Ana zaton dakarun suna nan, sai dai da yawansu sun bar hanyar jini sun zauna cikin tsoka da saifa, mai ƙirga kuwa na kan hanya kawai yake gani.

Rashin sanin wannan ya cuci mutane. A Ingila da Amurka, baƙaƙen fata da yawa an hana su kulozafin, ko an tsayar musu da shi bayan sun fara samun sauƙi, saboda takardar labo ta nuna lambar da ke ƙasa da ta littafi. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta gyara dokarta: mai irin wannan jini ana iya fara masa magani idan yana da 1000, ba a kuma tsayarwa sai ya faɗi ƙasa da 500. Ingila ma tana da tata iyakar ta dabam dominsu.

Abin da ya zama na tsiraru a can, a wajenmu shi ne na mafi yawa. Saboda haka kuskure biyu ke jiran mu. Na farko, a ga 1300 a takardar mutumin da haka Allah ya yi shi, a firgita, a raba shi da maganin da ya dawo masa da hankalinsa. Na biyu, wanda ya fi muni, a ga ƙaramar lamba a ce ai jininmu haka yake, alhali magani ne ke cin ɓargo, domin rashin Duffy ba ya kare kowa daga wannan haɗari. Abin da ke raba gardama shi ne sanin lambar mutum ta asali. A ce an auna Wane kafin ya fara magani, sau biyu, an samu 1400 da 1300. Bayan wata biyu aka samu 1350. Wannan yana nan inda yake. A ce kuma Wance ta fara da 4000, bayan sati uku ta koma 2500, sati na gaba 1600. Ko da yake lambarta ta fi ta Wane, ita ce abin tsoro, domin gangarowa take yi. Wanda bai auna ba tun farko, ba shi da abin gwadawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko lokacin ɗibar jini yana da tasiri. Nitrofil sun fi ƙaranci da sassafe, su ƙaru da yamma. Likita yakan sake awo da rana kafin ya yanke hukunci a kan lambar da ta tsaya a bakin iyaka.

IDAN JIKI YA YI ZAFI

Mun ce mugunya gawar nitrofil ce. To, wanda ba shi da su, ciwo ba ya nuna kansa a jikinsa yadda aka saba. Maruru ba ya nuna, rauni ba ya kumbura sosai, ciwon huhu ma yana iya kama shi ba tare da majina mai yawa ba. Abin da ya rage masa na shaida kaɗan ne: zafin jiki da ya kai digiri 38, rawar ɗari, ciwon maƙogwaro, gyambo a baki ko a dasashi, da kasala mai nauyi. Cikin awoyi kaɗan cuta tana iya mamaye jini.

Ga kuma wata wahala. Mai taɓin hankali ba kullum yake faɗin abin da ke damunsa ba. Wani ya yi shiru, wani ya ƙi abinci, a ɗauka ciwonsa ne ya motsa. Don haka nauyin yana kan mai jinya. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

1. Duk mai shan maganin taɓin hankali da ya yi masassara ko ciwon maƙogwaro, musamman a watannin farko, a kai shi likita a ranar. Mai shan kulozafin kuwa ko dare ne ba a jiran safiya.

2. A tafi da kwalin magani da karnen asibiti, a faɗa wa majo ko likita sunan maganin da ranar da aka fara shi, ko bai tambaya ba. Babu abin kunya a ciki.

3. A yi awon cizon sauro, amma a haɗa da NFS. Ko awon sauro ya nuna akwai, wannan bai wanke jini ba, domin a damina ana iya samun biyun a jiki ɗaya. Idan gidan likitan ƙauye ba shi da labo, a nemi takardar wucewa zuwa asibitin da ke da shi.

4. Kada a sayi ƙwaya a kasuwa ko wajen masu talla. Akwai magungunan da su ma ke taɓa ɓargo, irin su Novalgin na zafin jiki, da Bactrim, da kuloramfenikol. Tegretol na farfaɗiya ma ba a haɗa shi da kulozafin. Ƙwayar da ke saukar da zafi kuma tana iya ɓoye alamar, cuta na ci a ciki.

5. Kada iyali su tsayar da magani don tsoro alhali majinyaci lafiya lau yake. Yankewa farat ɗaya tana dawo da ciwon, wani lokaci fiye da na da. Tsayarwa da canzawa aikin likita ne.

Idan awo ya nuna nitrofil sun faɗi ƙasa da 500, likita zai tsayar da maganin nan take, ya kwantar da majinyaci, ya sa masa magungunan kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya idan akwai zazzaɓi. Akwai kuma allurar da ke zaburar da ɓargo, filgarastim. Galibi cikin sati 2 zuwa 3 jini yakan koma yadda yake. Wanda kulozafin ya yi wa haka, a ƙa'ida ba a sake ba shi, sai a nema masa wani. Ya kamata a rubuta wannan a karnensa da manyan haruffa, don kada wani likita a wani gari ya sake rubuta masa shi.

KIRA GA MA'AIKATA DA MAHUKUNTA

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasarmu, yawancinsu kuma suna manyan birane. Majinyacin da aka rubuta wa magani a Yamai ko Damagaram, ƙauyensu zai koma ya sha shi. Ranar da masassara ta kama shi, majon gidan likita mafi kusa ne zai fara ganinsa. Ya kamata wannan majo ya saba da tambaya guda ga kowane mai zazzaɓi: wane magani kake sha kullum? Tambayar ba ta cin ko dala, amma tana iya ceton rai.

Likitan da ya fara ba da magani, shi kuma ya rubuta lambar nitrofil ta farko a karne, da kwanan wata, ta yadda duk wanda ya buɗe zai gani. Masu aikin labo su riƙa fitar da adadin nitrofil a fili, domin jimillar fararen ƙwayoyi kaɗai ba ta isa. Masu tsara sayen magunguna kuma su tuna cewa kulozafin da awon jini tare suke tafiya: inda za a kai ɗaya, a tabbatar ɗayan ya riga shi isa, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin talaka ba. Iyalin da suka sayar da akuya don sayen ƙwaya, idan aka ce su biya awo kowane sati har wata huɗu, awon za su bari.

Ƴan uwa masu karatu, wanda ya iya karatu a gida shi ne idon gidan. Idan akwai mai shan irin wannan magani a cikin danginku ko maƙwabtanku, ku duba sunan da ke jikin kwalin, ku buɗe karnensa ku ga ko an rubuta lambar jininsa. In ba a rubuta ba, ku tambayi likita a zuwa na gaba. Ku kuma karanta wa masu jinyarsa wannan shafi, don ranar da jikinsa ya yi zafi su san cewa tasa masassarar ba a kwana da ita a gida.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.